Zinaren da Umma Ta Sa wa Gishiri

Duk wanda ya taɓa shan shayi a gidanmu ya san halin mahaifina tun kafin a gabatar masa da shi. Za ka miƙa hannu ka ɗauki kofi a kan tire, sai ka ji an ce, "Dakata." Wani dogon dattijo mai tabarau zai karɓe kofin, ya ɗaga shi saitin taga, ya runtse ido ɗaya, ya juya shi a hankali, sannan ya girgiza kai ya wuce da shi bakin famfo. Kofin nan kuwa ni na wanke shi, da soso da sabulu, ko minti biyar ba a yi ba. Wallahi na sha kuka a kan kofi a gidan nan. Ni ce auta, duk wanke-wanke a kaina ya ƙare, kuma ga ni da zuciya a kusa. Sau bakwai Baba yake ɗauraye komai, yana ƙirgawa a fili, ko da baƙo na zaune yana jira.

Aiki ne ya mayar da shi haka. Shekara ashirin da shida ya yi yana wanke kwalaben gwaji a ɗakin bincike na wani asibitin koyarwa, hawa na uku, ƙarshen baranda, kusa da ɗakin da ake kiwon ɓeraye. Shi ba likita ba, ba malamin jinya ba, ko sakandare bai ƙarasa ba. Amma kowa a ɗakin, daga ɗalibai har Dakta da ke shugabantar su, Baba Ɗauraya suke ce masa, kuma ba mai taɓa masa famfo. Kwalba za ta bi ta asid, ta bi ta ruwan famfo, ta bi ta tataccen ruwa sau bakwai, a kife ta a kan waya ta bushe da kanta, don shi a wurinsa tsumma ƙazanta ne. Duk shekarun nan bai taɓa fasa ko ɗaya ba, ko murfi bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Shi ya sa Dakta ta damƙa masa makullin firjin ɗakin, makullin da mataimakinta ma sai ya zo ya roƙa. A igiya yake rataye a wuyansa cikin riga, har wanka da shi yake shiga. Ba shi da gida nasa, ba shi da mota. Abin da ya mallaka a duniya hannu ne mai tsabta da wannan makulli.

Abin da suke dafawa a ɗakin kuwa zinare ne. Narkar da shi suke yi, su mayar da shi ƙwayoyi ƙanana, ƙanana har dubbai su jeru a faɗin silin gashi ɗaya. Fasahar nano ake ce wa aikin, kuma Baba kan faɗi kalmar yana ɗaga yatsa kamar shi ya raɗa mata suna. In zinare ya yi wannan ƙanƙanta sai ya daina zama rawaya, ya koma wani jan ruwa garau. Burin su Dakta shi ne wata rana a yi wa mai ciwon daji allurarsa, ƙwayoyin su bi jini su taru a cikin ƙarin, a haska musu wani haske su ɗau zafi su ƙone ciwon, naman da ke lafiya kuma ba abin da zai same shi. Wata rana fa na ce. A lokacin ɓeraye kawai ake yi wa.

Sai dai ruwan nan akwai saurin fushi. Ɗan datti a kwalba, ko gishiri ya faɗa ciki, sai ƙwayoyin su cure wuri ɗaya, jan ya koma shuɗi, aikin makonni ya tashi a banza. Wannan darasin mun sha shi da safe, mun sha shi da rana. Baba yana fara cewa, "Ƙwayar gishiri ɗaya," Umma za ta ƙarasa masa, "sai ya koma shuɗi. Mun ji, Malam, ci abincinka."

Umma ke nan. Gajeriya ce, mai ɗinki, tsokana kuma a jininta take. Baba zai gama ɗauraye kofin gilashi ya kife, ita kuma ta zo wucewa ta danna masa babban yatsa a gefe, ta wuce tana waƙa. In ya dawo ya ga shatin yatsan, ni zai kira.

"Malam," ta kan ce, "shekara nawa kana wanke wa zinare kwano, ni ko ɗan kunne?"

"Wannan ba na kunne ba ne."

"Na sani, irin wanda ba a gani ne. Irinsa ka ba ni da muka yi aure, shi ya sa har yau nake nema."

Sai ya haɗe rai ya ce ba a wasa da ilimi, amma gefen bakinsa yana motsi.

Shekarar da na cika ashirin da biyu aka gano ciwon daji a nononta na hagu. Aka yi aiki, aka shiga ƙara mata magani ta jijiya duk bayan mako uku. Gashinta ya zube, ta ce alhamdulillahi ta huta da kitso. Ta rame, ta ce dama ta daɗe tana son rigunanta na da su shige ta. Ni kuwa haushi nake ji, na kowa da komai, har da ita da take dariya. Bayan shekara likitoci suka kira Baba gefe suka ce abin ya kai ƙashi. Daga ranar ya daina ba mu darasin gishiri. Ɗaurayarsa ta tashi daga bakwai ta koma tara, kuma ya daina ƙirgawa a fili.

Wata Laraba da rana na buɗe firjinmu zan ɗauko madara. Bayan gwangwanin na ga wani abu naɗe a sabon hankici. Na warware, sai ga 'yar kwalba tsawon ɗan yatsa, cike da jan ruwa garau. Ban taɓa ganinsa da idona ba, amma wa zai gaya mini? Na ruga ɗakin Umma da ita a hannu.

Ko tashi zaune ba ta yi ba. "Sai yau kika gani? Tun Litinin take nan."

"Umma, Baba ya ɗauko daga wurin aiki!"

"A'a, a kasuwa ya saya. Rage murya, Auta."

Ta ba ni labari. Kwana uku ke nan, duk safiya Baba zai haɗa mata shayi, ya ɗauko ƙaramin cokali ya ɗauraye, ya buɗe firji, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, sannan ya rufe, ya kawo mata shayin haka nan. Ta ƙofar ɗakinta tana hango shi, shi yana zaton barci take. Ya kasa ba ta, ya kuma kasa mayarwa.

"Shi da bakinsa ya ce ba na sha ba ne, kuma ba a taɓa gwada shi a jikin mutum ba," in ji ta. "Ya fi kowa sani. Amma gobe ko jibi zai rufe ido ya zuba. In kuma aka gane a can, makullin nan ya tafi, kin san kuwa in aka cire masa shi kamar an cire masa haƙarƙari ne."

"To ki yi masa magana mana!"

Ta dube ni kamar na faɗi wauta. "Mutumin da bai taɓa ɗaukar tsinken wani ba ya yi sata saboda ni, sai in ce masa na gani? Ya ɗaga ido ya kalle ni kuma? Kama ni in tashi."

Na riƙe ta muka je kicin. Ta ce in leƙa ƙofar gida, ko da yake Baba sai yamma yake dawowa. Ta buɗe gwangwanin gishiri, ta ɗebo da yatsu uku ta zuba a kwalbar, ta ƙara, ta sake ƙarawa, ta rufe ta girgiza. Muka zuba ido. A gabanmu jan nan ya dushe, ya yi duhu, ya rikiɗe ya koma shuɗi.

"La ilaha illallahu!" Umma ta dafa ƙirji. "Ashe da gaske yake! Shekara da shekaru ina zaton ƙari yake yi mana!"

Ta yi dariya har ta sarƙe da tari, ni ma na kasa riƙewa. Dabararta mai sauƙi ce. Baba zai dawo ya ga ruwa ya lalace, ya zubar a makwarara, ba wanda ya sha, ba wanda ya ji, makulli na wuyansa. Muka naɗe kwalbar yadda take, muka mayar bayan madara. Har yabon kanta ta yi, wai da ita aka ba wa ɗakin binciken da tuni an gama.

Da yamma ya dawo. Ni na kafa guga a falo, ina goge rigar da na riga na goge. Umma ta bar ƙofarta a buɗe ta ja bargo, ido ɗaya a waje. Ya wanke hannu, ya buɗe firji, ya warware hankicin. Ya ɗaga kwalbar saitin taga, ya runtse ido ɗaya. Na yi ta jira in ji ƙarar famfo, shiru. Ya sa ta a aljihu, ya zo ya zauna a kujerarsa ya shimfiɗa hannuwansa a kan gwiwa yana kallonsu, ciki da baya. Abinci ma cewa ya yi ya ƙoshi. Umma ta yi mini raɗa cewa in ƙyale shi, kunya ce, zai zubar in ba ma kallo.

Ashe ba mu san mutumin da muke zaune da shi ba.

Da safe ya fito cikin kayansa masu kyau, waɗanda yake sawa in za a yi taro. Sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"Auta, hannuna ya mutu."

"Wane irin mutuwa kuma, Baba?"

Ya faɗa mini komai a tsaye, bai kalle ni ba. Ya ce ragowar wani haɗi ne ya tsiyaya a 'yar kwalba ya kawo gida, kuma kwalbar shi ya wanke ta da hannunsa. Tunda ruwan ya juya, to wankinsa ya daina fita ke nan, shi bai sani ba. Kwalabe nawa ya wanke musu a watan nan? Yau kuma za su dafa sabon haɗi na ɓeraye arba'in. Dole ya gaya wa Dakta kafin su ɗora.

"Baba, in ka faɗa ai korarka za su yi!"

"Gara su kore ni da in ɓata musu aiki ina kallo."

Kafin in haɗa kalma biyu ya fice, kuma kamar da gayya motar haya na tsaye a bakin titi. Na koma ciki a guje. Na tarar Umma ta riga ta sauko da ƙafafunta daga gado, fuskar nan ba alamar wasa.

"Na kashe shi da hannuna," ta ce. "Ɗauko mini mayafi. Ki ƙulla mini gishiri a gefensa."

Na ce ba inda za ta je, matar da banɗaki ma sai an riƙe ta. Ta ce in ban kai ta ba za ta yi rarrafe, maƙwabta su ga irin 'yar da ta haifa. Muka ɗauki tasi. A asibitin aka ce na'urar hawa bene ta lalace. Hawa uku muka yi a ƙafa, tana hutawa duk bayan matakala biyar, ina masifa tana ce mini in adana numfashina tunda ni nake da shi.

Ɗakin fari ne fes, sai ƙugin firji da warin asid. Ga famfon Baba a kusurwa, kwalabe a kife a jere suna ƙyalli. Ɗalibai uku sun yi cirko-cirko suna yi kamar suna aiki. Ta gilashin ƙaramin ofis muka hango shi tsaye, hula a hannu. A kan tebur ga shuɗiyar kwalba, ga makulli da igiyarsa. Ban taɓa ganin wuyan Baba ba igiyar nan ba, sai na ji hawaye ya zo mini.

Dakta mace ce siririya mai furfura a goshi, irin mutanen da ba ka san ko sun iya dariya ba. Umma ta tura ƙofa ba sallama, ta zube a kujera tana haki.

"Ke ce Dakta? Rabin laifin nawa ne, na kawo kaina."

Baba ya yi tsuru-tsuru. "Me ya fito da ke? Auta, ba ki da hankali ne?"

Umma ba ta kula shi ba. Ta kwance gefen mayafinta ta baje gishirin a kan teburin Dakta, a kan takardu. "Ku ba ni jan ruwanku kaɗan in nuna muku yadda ake yi."

Dakta ta dubi gishirin, ta ɗaga kwalbar ta dubi abin da ya kwanta a ƙasanta. "Tun ɗazu nake gaya masa wannan ba dattin kwalba ba ne, ya ƙi ji. Wannan ai miya aka yi da shi. Mama, nawa kika zuba?"

"Yatsu uku, sau uku. Hannuna da nauyi a gishiri, tambaye shi."

Ɗaya daga ɗaliban ya tuntsire da dariya a waje, aka ji an make shi. Ni ina kallon Baba. Na zaci fushi zai fara yi. Ina! Sai ya dafa tebur ya ce a hankali, "Ke nan wankina lafiya lau yake?"

"Lafiya lau, Baba."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Sai a lokacin abin ya iso masa, ya juyo kan Umma. "Ke! A kwalbar da na ɗauraye sau tara kika sa yatsa?"

"Ban sa yatsa ba, daga sama na barbaɗa." Ta gyara zama, muryarta ta sauka. "Malam, da ka rufe ido ka ba ni, wani abu ya same ni, famfo nawa ne zai wanke maka hannun nan?"

Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, shi da ba ya yarda da tsumma.

Dakta ba ta yi masa sassauci a magana ba. Ta ce abin da ya ɗauka ba magani ba ne tukuna, shansa ba zai taɓa ciwon ba, kuma ba wanda ya san ɓarnar da zai iya yi wa jikin da ya riga ya gaji. Ta ce dole ta rubuta abin da ya faru, za ta kuma rubuta cewa da ƙafarsa ya kawo kansa. Zai zauna a gida wata guda. Ta buɗe aljihun tebur ta sa makullin, ta rufe. Ƙarar rufewar nan har yau ina jin ta.

Umma ta nuna firjin da haɓa. "Dakta, tsakaninki da Allah. Abin nan naku zai riske ni?"

Dakta ta dube ta. "A'a, Mama. Ba na jin zai riske ki. Da sauran shekaru."

"To madalla da gaskiya." Umma ta kakkaɓe ragowar gishirin daga mayafinta. "In watan ya cika ki mayar masa da famfonsa. Akwai masu zuwa a bayana, kada a dafa musu a ƙazamar kwalba."

Watan nan da ya yi a gida, ban taɓa ganin su haka ba. Shi ke haɗa mata shayi, shi ke juya ta a gado, shi ke wanke mata ƙafa. Ita kuma ta buɗe masa sabon yaƙi. Duk kofin da ya kawo sai ta danna masa yatsa kafin ta sha, ta miƙa masa tana kallon idonsa. In an zo cin abinci ta ce, "Malam, miƙo mini maganin zinare," shi kuma ya turo gwangwanin gishiri yana harararta. Ranar da ta fi jin jiki ma sai ta lallaɓa ta yi masa wannan. Na gane daga baya cewa da shi take gaya masa tana nan.

Wata ya cika ya koma famfonsa, wuya ba igiya. Sai bayan wata bakwai Dakta ta mayar masa da makullin. Umma ba ta gani ba, ta rasu a wata na huɗu, wata safiya bayan ta sha rabin kofin shayi.

Da aka dawo daga jana'iza gida ya cika da mutane, kofuna ko'ina. Na bi ɗaki-ɗaki ina tattarawa don in samu abin da hannuna zai yi. Na ɗauko na gefen gadonta na ɗora a tire, na nufi famfo.

"Dakata."

Raina ya ɓaci. Na juyo zan ce masa yau ɗaya dai ya ƙyale ni da ɗaurayarsa. Ya zare kofin daga cikin sauran, ya ɗaga shi saitin taga, ya runtse ido ɗaya, ya juya shi a hankali. Ga shatin leɓenta a baki, ga babban yatsanta a gefe, raɗau. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa hannu ya ajiye shi a saman kabad.

Shekara uku ke nan. Su Dakta har yanzu suna kan ɓerayensu, Baba na kan famfonsa, ya koma ƙirga bakwai a fili. Ranar Asabar da na je gaishe shi ya sa ni sake wanke kofuna shida, muka yi faɗa kamar kullum. Na bakwai yana saman kabad, shayin ya bushe a ƙasansa, kuma Baba bai taɓa kai shi bakin famfo ba.